Mutumin da ya haddace wasiƙata

Shekarun baya, lokacin ina koyar da fizik a wani kwaleji a Tsibiri, kwamfutata ta mutu saura kwana tara a fara jarrabawa. Tsohuwa ce, irin mai akwati a ƙarƙashin tebur, amma da ita nake buga takardun jarrabawar ajina da na wasu abokan aiki biyu da ba su iya bugu ba. Na kunna ta da safe, ta yi ƙas-ƙas-ƙas kamar ɓera ya samu kwalin gyaɗa, allo ya yi baƙi, shi ke nan. Na san kukan. Diski ne ya tafi. Shekara huɗu kafin nan wani diskin ya taɓa mutu mini da irin wannan kuka.

A Maradi butik ɗaya nake zuwa in dai maganar kayan kwamfuta ce, wani ɗan matsattsen shago a Sabon Gari. Mai shi dattijo ne, Alhaji kawai muke ce masa, abokin mahaifina tun suna samari. Mu ƴan Jiratawa ne, kuma duk sanda mahaifina ya shigo gari da zogale ko tattasai sai ya biya ya ajiye wa Alhaji nasa. Shagon cike yake da tarkace har rufi, da benci a bakin ƙofa, da rediyo da ba ta yin shiru. Ba ka sayen ko waya ɗaya sai ka zauna an tambaye ka mutanen gida ɗaya bayan ɗaya.

Na dai ji labarin cewa Alhaji ya samu shanyewar ɓarin jiki, ƴaƴansa sun sayar da butik ɗin. Na yi ta cewa zan je in gaishe shi. Wata bakwai ina cewa zan je. Sai da kwamfutata ta mutu na tuna hanyar Sabon Gari, kun ji irin zumuncina.

Ranar Alhamis bayan na tashi daga lakwal, wato makaranta, na hau moto na shigo gari. Da ƙyar na gane wurin. An cire bencin, an sa ƙofar gilashi mai duhu. Ina turawa sanyin kilim, na'urar sanyaya ɗaki, ya buge ni, gumin da ke bayana ya zama kamar an zuba mini ruwan randa. Farin haske ko'ina, kaya a jere cikin gilashi, ba rediyo, ba kowa. Da ƙofar ta rufe, duk hayaniyar kabu-kabu da masu talla ta yanke kamar an toshe mini kunne.

Na yi sallama sau biyu. Sai wani labule a bayan kanta ya motsa, mutum ya fito. Siriri ne, zai kai shekara arba'in da ɗoriya, da farar riga mai tsabta, da wata shaida a kewayen kunnuwansa irin ta wanda ya daɗe sanye da abin sauraro. Ban taɓa ganinsa ba.

Ya tsaya yana kallona, fuskarsa ta washe kamar ya ga ɗan'uwan da ya daɗe a tafiya.

"Mushe," ya ce a hankali, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu. "Yau kai ne? Ka ƙara jiki."

Na yi ƴar dariya, na ce ko mun san juna ne. Bai amsa ba. Ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya ɗauko diski a cikin ledarsa ya ajiye a gabana.

"Wanga shi ka shiga taka. Kada ka sa wanda ya hi shi, akwatinka ba ya ɗauka."

Ban faɗa masa abin da ya kawo ni ba. Ban faɗi irin kwamfutata ba. Na juya diskin na duba lambobinsa, daidai ne. Na ce a raina wataƙila Alhaji ya bar masa bayanin masu sayen kayansa. Na biya, ina sa shi cikin jaka, sai ya ce:

"Yaya ƙafar Inna? Ta warke sarai?"

Mahaifiyata ta taɓa yin wani miki a ƙafa da ya kusa sa a yanke ta, amma shekara huɗu ke nan da warkewarsa. Na ce ta warke, alhamdu lillahi. Ya gyaɗa kai, ya sauke numfashi kamar wanda abin ya daɗe yana damunsa.

"Madalla. Na yi ta tunaninta. Da na ga yadda ya kumbura..."

Na ce masa sai an jima. Na kama ƙofa ke nan ya kira ni.

"Mushe."

Na waiwaya.

"Gara da ba ka aika wa yayanka takardar nan ba. Allah ya yi maka gyaɗar dogo. Mutumin kirki ne."

Ban san yadda na fita ba. Na dai tsinci kaina a bakin godoro, wato titin kwalta, rana tana dukana.

Sai na gaya muku wace takarda ce. Da mahaifinmu ya rasu, muka tarar filinsa na noman rani da ke bakin kanal ɗin ban ruwa a Jiratawa an mayar da shi sunan yayana a takardar kofaratif, ƙungiyar manoman wurin, da dangwalen yatsan mahaifinmu a ƙasa. Zuciya ta ɗebe ni. Na zauna a gaban kwamfuta na rubuta masa wasiƙa shafi uku. Na ce ya kama yatsan mutumin da ke gargara ya dangwala. Na ce abubuwan da har yanzu ba na son maimaitawa. Ban buga ta a takarda ba, ban aika ba, ban nuna wa kowa ba, har matata. Ba a daɗe ba ciwon Inna ya taso, yayana ya riƙa goya ta a bayansa daga mota zuwa ɗakin likita, muna kwana a tabarma ɗaya a farfajiya. A nan zuciyata ta sauka. Daga baya kuma na gane mahaifinmu da hankalinsa ya yi abin, don kofaratif na karɓe filin da mai shi ba ya nomawa, ni kuwa ina Tsibiri da alli a hannu. Duk kaka yayana yana aiko mini da rabona ba tare da na tambaya ba.

To, wannan takarda ce baƙon da ban taɓa gani ba ya ambata.

Ni da nake tsayawa gaban ɗalibai ina ce musu komai yana da dalili, a kan hanyar komawa Tsibiri babu addu'ar da ban karanta ba. Har wadda ake yi in za a shiga kasuwa na haɗa. Da na isa gida ban shiga da diskin ɗaki ba, na rataye jakar a jikin bishiyar bedin tsakar gida.

Matata ta dube ni ta dubi jakar.

"Malam, lafiya? Mi ke cikin jakar da aka hana ta shiga ɗaki?"

Na ba ta labarin diski da ƙafar Inna, na ɓoye na wasiƙar. Ta riƙe haɓa.

"Wanga ba banza ba. Ko dai yana da mutanen ɓoye. Kada ka sa mana abinga cikin gida, Malam."

Kwana biyu jakar tana rataye, kaji suna kiwo ƙarƙashinta. Ran Asabar da hantsi daraktan kwalejinmu ya kira ni yana tambayar takardun jarrabawa, na ga tsoron darakta ya fi na aljannu kusa. Na sauko da jakar, na ɗauko turnabis, abin kwance noti, na yi bisimilla na ɗaura diskin.

Da kwamfutar ta tashi, na duba cikinsa. Ban da manhajar da ke tada kwamfutar, fayau yake, sai dosiye guda ɗaya tak, wato ma'ajiyar fayiloli. An sa masa suna "Na Mushe". Na daɗe hannuna a kan linzami kafin in buɗe.

Hoto ne guda. Mahaifina zaune a bakin kanal, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ƙafafunsa cikin ruwa, yana dariya da bakinsa mai gibi. Ni na ɗauke shi da hannuna a damanarsa ta ƙarshe. Hoton ya ɓace mini tun ranar da tsohon diskina ya mutu, na yi kukan rashinsa kamar an sake yi mini rasuwa.

Na zauna ina kallonsa, hawaye yana zuba, tsigar jikina kuma tana tashi. A nan ne malamin fizik ya farka. Tsohon diskin. Wanda ya mutu shekara huɗu da suka wuce. Alhaji ya gwada ya gwada bai tashi ba, ya sayar mini da wani, ni kuma na bar masa mataccen a kan tebur na tafi. Hoton yana ciki. Hotunan ƙafar Inna da nake aika wa wani likita suna ciki. Wasiƙar tana ciki.

Na ji sanyi da na gane ba aljannu ba ne. Sanyin bai kai minti biyar ba. Aljani ai ba ya zama a Sabon Gari yana hira da mutane.

Washegari Lahadi na je Jiratawa gaida Inna kamar yadda na saba. Muna zaune a zaure da yayana, yana ɓare mini gyaɗa, sai ya ce:

"Af, na manta. Sabon mai butik ɗin Alhaji yana gaishe ka. Na je sayen batirin sola, ya karɓe ni kamar ya san ni shekara ashirin. Har ya ce mini, ƙanenka yana sonka fiye da yadda kake zato. Na ce ikon Allah. Jumma'a zan koma in ɗauko batirin."

Na ajiye gyaɗar da ke hannuna.

Ran Litinin, maimakon in wuce butik, sai na nufi gidan Alhaji. Kunya ta kusa mayar da ni daga ƙofa. Hajiya, uwargidansa, ta shigar da ni. Yana kwance a kan katifa a rumfa, ya rame, bakinsa ya karkace, hannun dama a naɗe a ƙirji. Da ya gan ni idonsa ya kawo ruwa. Ya kama hannuna da na hagunsa ya ƙi saki. Magana ba ta fita, sai wani gurnani.

Bayan gaisuwa na tambayi Hajiya ko ta san abin da Alhaji ke yi da matattun diskin mutane.

"Ai ba ya zubarwa, ɗana," ta ce. "Shekara da shekaru yana tara su cikin kwalaye a ɗakin baya, kowane da sunan mai shi. Na sha ce masa ya sayar wa masu gwangwan, ya ce a'a, cikin mutane ne a ciki, ba a sayar da cikin mutum. Shi bai iya tada su ba, bai kuma yarda wani ya taɓa ba."

"To da aka sayar da butik ɗin fa, Hajiya?"

"Yara suka sayar, da duk abin da ke ciki. Lokacin muna likita muna jinyarsa, wa ke ta kwalaye?"

Alhaji yana jinmu. Sai ya fara jijjiga hannuna da ƙarfi, yana nuna ƙofa da haɓa, yana ƙoƙarin furta wata kalma da ta ƙi fita. Yawu yana zuba a gefen bakinsa. Hajiya ta ce tun da aka dawo da shi gida haka yake yi duk sanda aka ambaci butik, sun ɗauka kewar kasuwa ce. Na sunkuya kusa da kunnensa na ce, "Baba, kwalayen ne?" Ya rufe ido, ya saki hannuna, hawaye ya gangaro masa har cikin kunne. Wata bakwai bawan Allah yana faɗa, ba wanda ya ji.

Daga nan na wuce butik. Bayan azahar ne, rana tsaka, amma da ƙofar gilashin nan ta rufe a bayana sai na ji kamar na shiga rijiya.

Ya fito daga bayan labule da murmushinsa.

"Ka ga hoton? Na san za ka so shi. Cikin duka shi ya hi kyau."

Na ce, "Malam, diskina na zo karɓa. Tsohon."

Murmushin ya ragu, amma bai yi musu ba. Ya ɗaga labulen ya ce in shigo.

Ɗaki ne ƙarami, ba taga. Ya fi shagon sanyi. Katako ne aka kafa a bango daga ƙasa har sama, diski a jere kamar littattafai, kowane da ƴar takarda manne da rubutun hannun Alhaji. Na fara karanta sunaye ba da niyya ba. Wani limami. Wata ungozoma da ta karɓi haihuwar ƴata. Wani babban ɗan kasuwa da motocinsa ke zuwa har bakin teku. Abokan aikina biyu. Mutane uku da na san na bi gawarsu zuwa maƙabarta. A tsakiyar ɗakin kujera ɗaya ce, da babban allo, da abin sauraro rataye. A gefe tabarma, da buta, da kwanon abinci a rufe. A allon wani biki ne ke tafiya ba murya, mata suna rawa, wata tsohuwa tana guɗa, bakinta a buɗe, ba ka jin komai.

"Wagga ta rasu bara," ya ce, yana nuna tsohuwar. "Allah ya jiƙanta. Ta iya barkwanci."

Na ce, "Ka san ta?"

"Na san ta mana." Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta.

Ban tambaye shi labarinsa ba, shi ya fara. Ya ce ɗan garin nan ne, ya tafi Libiya yana saurayi, can ya koyi tada matattun na'urori. Shekara goma sha tara. Ya dawo ya tarar iyayensa sun rasu, an raba gidan an sayar, abokansa wasu sun mutu wasu ba su gane shi ba. Ya ce yakan zaga unguwarsu ya ji ana suna ko ɗaurin aure, ya tsaya daga nesa, ba wanda zai ce masa bisimilla. Da ya sayi butik ɗin ya tarar da kwalayen, ya ɗauki ɗaya don ya gwada hannunsa kawai. Ya tashi. Hotunan sunan wani jariri ne a ciki.

"Sai na tada na biyu," ya ce. "Ɗaya bayan ɗaya, Mushe. Guda shida kaɗai suka ƙi. Yanzu in na hita kasuwa, duk inda na duba ƴan'uwa ne. Wancan na san ranar aurensa. Waccan na san ta yi ɓari sau biyu kahin ta samu namiji. In na gan ta da yaron sai in ji daɗi har raina."

Na ce, "Su ba su san ka ba."

"Ba komi. Ni na san su."

Muryarsa ba ta tashi ba ko sau ɗaya. Da ya yi tsawa ko ya yi barazana da na fi samun natsuwa. Na ce masa abin da yake yi haramun ne, leƙen asirin mutane ne. Ya girgiza kai da sauri, kamar na zage shi.

"Ban taɓa hwaɗa ma wani sirrin wani ba. Naka, kai na hwaɗa mawa. Ina ce kai ka rubuta?"

"Yayana fa? Mi ka ce masa?"

"Alheri na ce masa. Ina son ku shirya."

"Mun shirya tun shekara huɗu!"

Na ga abin ya ba shi mamaki da gaske. A wurinsa rayuwata ta tsaya ne a ranar da diskin ya mutu: Inna tana kwance da kumburarriyar ƙafa, ni da yayana ba ma ga maciji, ƴata tana rarrafe. Wata da watanni yana ɗauke da damuwarmu, mu kuwa mun daɗe da wucewa.

Ya miƙa hannu can sama ya zaro diskina ba tare da ya nema ba. Ya goge shi da gefen rigarsa. Ya daɗe yana riƙe da shi kafin ya ba ni, kamar uwar da za a karɓi ɗanta yaye.

Na ce, "Akwai kwafi?"

"Babu. Ba ni yin kwafi."

Na fara sauke numfashi. Sai ya rufe ido, ya ɗan karkata kai, ya fara magana da wata murya da ba tasa ba, mai sauri, mai zafi:

"Ba zan ce maka salamu alaikum ba, don babu aminci tsakanina da kai. Daga yau ba ni da wa. Idan na riga ka mutuwa, kada ka tsaya a kan gawata, kada hannunka da ya kama yatsan Baba ya taɓa makarata..."

Kalmomina ne. Ɗaya bayan ɗaya, har inda na sa waƙafi yake tsayawa. A bayansa tsohuwar nan da ta mutu tana ta guɗa ba murya. Na ce ya isa. Bai ji ba. Na daka masa tsawa, ya buɗe ido kamar wanda aka tasa daga barci.

"Yi haƙuri," ya ce. "Na karanta ta da yawa ne. Ban taɓa samun wanda zai yi hushi da ni haka ba. Sai wanda ya damu da kai ka rubuta maka shahi ukku."

Na fita da diskin a aljihu, na san ban karɓo komai ba. Wasiƙar tana cikin kan mutumin da ba ya bambanta abin faɗa da abin ɓoyewa, yayana kuma zai zo Jumma'a. Ko bai yi niyyar sharri ba, wata rana zai buɗe baki don ya yi sulhu.

Kwana biyu ina juya abin. Ran Laraba da la'asar na hau moto na tafi Jiratawa, ban biya gida ba, na wuce gona. Na tarar da yayana yana ba zogale ruwa, yana buɗe bakin kwali, wato fangalin shuka, da fartanya yana toshe wani. Na tsaya a kan kunyar gona na gaya masa komai, tun daga butik har wasiƙa. Bai ɗago ba.

"Mi ke cikinta?" ya ce.

"Yaya, maganar banza ce, ta ɓacin rai."

"Hwaɗi in ji. Baƙo ya ji, ni da aka rubuta mawa ban ji ba?"

Na faɗa. Abin da ya ba ni tsoro, ni ma ashe na haddace ta. Ina faɗa ruwa yana bin kwali yana cika, yana buɗe na gaba. Da na zo wurin gawa fartanyar ta tsaya. Ruwa ya cika kwalin ya fara tsallake kunya, ya jiƙa masa ƙafa, bai motsa ba. Na gama.

Can ya toshe ruwan, ya jingina da fartanya. Idonsa ya yi ja.

"Ni ban yi lakwal ba, shi ya sa ba ni da takarda," ya ce. "Amma da za a tada abin da na hwaɗa a kanka shekarar nan, cikin gonar ga, ni kaɗai da ruwa, da taka ta zama gaisuwa." Ya share fuska da hula. "Duka na yahe. Sai dai maganar gawar nan. Ita ka janye ta, da bakinka, yanzu."

Na ce, "Na janye, Yaya."

"To. In ka riga ni, ni zan wanke ka. In na riga ka, kai za ka wanke ni. Kama fartanyar can, ruwa na wucewa."

Na tuɓe takalma na shiga, da wandon zuwa aji.

Sauran labarin gajere ne. Na kwashe hotunan mahaifinmu daga diskin, sannan na sa masa guduma. Na je na sami babban ɗan Alhaji na gaya masa abin da mahaifinsa ke ƙoƙarin faɗa. Shi da wasu dattawan kasuwa suka je suka yi magana da mutumin. An ce bai yi gardama ba ko kaɗan. Aka sanar a masallatai cewa duk wanda ya taɓa barin diski wurin Alhaji ya je ya karɓa. Mako biyu mutane suna zuwa. Wasu sun zage shi, wani ya kusa marinsa. Wasu kuwa sun fito suna kuka, don ya mayar musu da muryar iyayensu da suka ɗauka ta ɓace har abada. An ce kowa ya shigo, kafin ya faɗi suna ya miƙo masa nasa. Bayan ƴan watanni ya rufe butik ɗin ya bar gari. Ban san inda ya nufa ba. Alhaji ya rayu shekara ɗaya bayan haka, kuma duk Alhamis ina zuwa in zauna da shi.

Mutane sukan tambaye ni darasin da na ɗauka, su zaci zan ce kada a bar tsohon diski wurin mai gyara. Haka ne, kada ku bari. Amma ba shi ne ke damuna ba. Na yi daidai da na sa aka kwashe ɗakin nan, ko yau aka sake zan sake. Sai dai a cikinmu duka, mu da muka je muka karɓe namu, ban ji wanda ya ce masa, ranar kaza muna da suna, ka zo. Ni ma ban ce ba. Tsoronsa nake ji, kuma har yau in na tuna muryarsa tana karanta kalmomina sai tsigar jikina ta tashi. Amma mutumin ya fi wata bakwai yana yi wa ƙafar mahaifiyata addu'a, ni kuwa ko sunansa ban tambaya ba.

Ganina da shi na ƙarshe, bayan an gama kwashe komai ne. Na biya in sayi wata ƴar waya, ko dai in ce na biya in gani. Ƙofa a buɗe, ba kowa a kanta, labulen a ɗage. Na leƙa. Katakan bango fayau, allo a kashe. Yana zaune a kujerarsa da abin sauraro a kunne, igiyarsa tana lilo a ƙasa, ba a jone da komai ba. Idonsa a rufe, yana murmushi, leɓɓansa suna motsi. Na yi sallama a hankali. Bai buɗe ido ba. Ya dai ɗaga mini hannu, alamar in ɗan dakata, wani yana magana.

Na tsaya na jira kaɗan. Sannan na ja masa ƙofar na tafi.